Ɗan Dakon Maiƙo a Jikin Shuka



Duk wanda ya taɓa ratsa gonar dawa bayan ta yi tsayi ta fara ɗaukar ciki, ya san yadda mutum ke fitowa da fari-fari a hannun riga. Ka sa yatsa ka shafi kara, musamman kusa da gaɓa inda ganye ya naɗe shi, za ka ga wani farin gari ya manne maka, wurin da ka shafa kuma ya koma kore shar yana ƙyalli. Wasu kan ɗauka ƙura ce. Kaki ne, kuma dawar ce da kanta take yin sa ta shafe jikinta da shi. Irinsa ne ke sa ruwa ya dunƙule ya gangara a kan ganyen gwaza ko na kabeji ba tare da ya jiƙa shi ba. Tun cikin shekarun 1980 masana a jihar Texas ta Amurka suka gwada dawa mai wannan gari da wadda ba ta da shi, suka tarar marar garin ta fi saurin zubar da ruwan jikinta ta fatar ganye.

To, ta ina kakin yake fitowa waje? A cikin ƙwayoyin halittar fatar ganye ake ƙera shi. Kafin ya iso sarari sai ya ƙetare tantani, sannan ya ratsa bangon ƙwayar halitta, shi kuwa bangon nan jiƙe yake sharkaf da ruwa. Maiƙo da ruwa kuwa ba sa ga maciji. Dole ke nan a sami ɗan dako, wanda zai ɗauki kayan ya rufe su, ya ratsa ruwan da su, ya sauke a ɗaya gefen. Ɗaya daga cikin waɗanda masana ke ɗora wa wannan aiki shi ne wani ɗan ƙaramin furotin da ake kira mai jigilar maiƙo, LTP a taƙaice. A kansa da ƙwayoyin gadon da ke haifar da shi za mu yi magana yau.

A shekarar 1975 wani masani ɗan Faransa, Jean-Claude Kader, ya tace wani abu daga dankalin Turawa a ɗakin bincikensa da ke Paris. Ya zuba tantani iri biyu na cikin ƙwayar halitta a kwalbar gwaji, ɗaya an yi wa maiƙonsa alama. Sai ya lura duk lokacin da ya ƙara abin da ya tace, maiƙon yakan tashi daga wannan tantani ya koma wancan. Shekaru da dama aka sakankance cewa wannan ne aikinsa a jikin shuka, wato kai-komo da maiƙo a can cikin ƙwayar halitta. Sai a farkon shekarun 1990 aka gano furotin ɗin yana ɗauke da wata 'yar alama da ke sa a tura shi waje da zarar an gama ƙera shi. Ashe ba ya ma zama a inda ake zaton yana aiki. A 1994 masu bincike a jihar Ohio suka wanke kakin ganyen burokoli, wani ɗan'uwan kabeji, suka tarar furotin mafi yawa a cikinsa LTP ne. A 2009 kuma, a birnin Vancouver na Kanada, aka danne wata ƙwayar gadon LTP a jikin wata 'yar ciyawar gwaji mai suna Arabidofsis. Kakin jikin karanta ya ragu, amma bai ƙare ba. Wannan ragowa ta nuna ba shi kaɗai ke dakon ba, kuma har gobe masana na ja-in-ja kan ainihin yadda yake yi.

Sigarsa kam an san ta sarai. Ƙanƙane ne ƙwarai a cikin furotin: babban nau'insa 'yan tubalan da ake kira amino asid wajen 90 ne aka jera, ƙaramin kuma wajen 70. A cikin jerin akwai guda takwas masu ɗauke da farar wuta, su ne suke kama juna bibbiyu su yi ƙulli huɗu, su ɗaure furotin ɗin tamau. Cikinsa rami ne da maiƙo ke shiga ya kwanta, bayansa kuma yana jituwa da ruwa. Saboda ƙullin nan huɗu, tafasa ba ta cika warware shi ba, ruwan narkar da abinci na cikin mutum ma da ƙyar yake taɓa shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Masana a jami'ar Linköping ta ƙasar Suwidin sun bi sawun waɗannan ƙwayoyin gado a 2011, suka same su a kowane irin tsiro na tudu da suka duba, tun daga ƙananan da ke manne wa jikin dutse har zuwa manyan itatuwa. A gansakukar cikin ruwa kuwa ba su same su ba. A lissafinsu, LTP ya zo ne tare da fitowar tsirrai daga ruwa zuwa tudu, sama da shekara miliyan 450 da suka wuce, lokacin da bushewa ta zama abokiyar gaba ta farko.

Nan ne zancen ya shafi fari. Idan ƙasa ta bushe, shuka takan rufe 'yan ƙofofin numfashinta na ganye, amma ruwa ba ya daina sulalewa ta fata. Iya kaurin kaki da ingancinsa, iya jinkirin wannan sulalewa. A 2006 an yi gwaji a Amurka da wani nau'in taba mai tsayi kamar itace: a hana ta ruwa, a ba ta, a sake hanawa. Kakin ganyenta ya yi ta ƙaruwa, ƙwayoyin gadon LTP ma suka ƙara himma a lokaci guda. Da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da abokan aikinta suka karanta kundin gadon gero a 2017, ɗaya daga cikin abubuwan da suka ja hankalinsu shi ne yawan ƙwayoyin gadon ƙera kaki da yake da su fiye da sauran hatsi. Suka ce mai yiwuwa wannan na cikin sirrin juriyarsa ga zafi da ƙishirwa. Manomin Damagaram ko na Daura ba sai an gaya masa gero na da juriya ba. Abin da aka ƙara masa shi ne inda za a fara neman dalili.

Akwai kuma ɓangaren tsaro. A 1993 masana a Madrid suka nuna LTP na ganyen sha'ir da na masara yana hana wasu bakteriya da funfuna yaɗuwa a faranti. A 1995, a Beljiyam, aka fitar da wani ɗan danginsa mai ƙarfin gaske daga irin albasa, daga baya masu bincike a Indiya suka dasa ƙwayar gadonsa a jikin shinkafa, ta ƙara juriya ga cututtukan ganye a gwajinsu. A Brazil an samo wani a ƙwayar wake, irin waken da muke ci. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne wanda aka bayyana a mujallar Nature a 2002. Shuka lafiyayya, idan cuta ta kama ganye ɗaya, sauran ganyayen sukan sami labari su ɗaura ɗamara. Aka sami wata Arabidofsis da ganyenta da aka harba yake kare kansa daidai, amma labari ba ya isa ga sauran. Da aka bincika, ƙwayar gado ɗaya ce ta lalace, ta LTP ce, aka sa mata suna DIR1. An kuma ga waɗannan ƙwayoyin gado suna aiki a zaren auduga lokacin da yake tsawo, da cikin 'yan ƙulle-ƙullen saiwar dangin wake, inda bakteriya ke samar wa shuka taki daga iska.

Amma idan aka ce in nuna wuri guda da wannan ilimi ya kusa shiga buhun iri, alkama zan nuna.

Kowa ya san masara mai aure, da yadda take fin ta gida yabanya. Aurar da masara abu ne mai sauƙi, domin namijinta yana can sama a tuta, macen tana ƙasa a goyo. Ka shuka iri biyu layi-layi, ka bi layin da kake so ya zama uwa ka fizge tutarsa kafin ta saki bununi, shi ke nan, dole ta karɓi na maƙwabciyarta. Alkama ba haka take ba. Namiji da mace suna cikin ɗan fure guda, a rufe, kuma yawanci takan yi wa kanta barbara tun kafin furen ya gama buɗewa. Mai kyautata iri da ke son haɗa alkama biyu sai ya zauna a kan 'yar kujera a tsakiyar gona da hantsaki da almakashi. Ya datse kan kowane ɗan fure, ya zura hantsaki ya zaro 'yan jakunkunan bununi guda uku tun suna kore, ba tare da ya ƙwarzani macen ba, ya bi zangarniyar fure bayan fure, sannan ya rufe ta da 'yar jakar takarda. Bayan 'yan kwanaki ya dawo ya kaɗa mata bununin uban da ya zaɓa. Duk wahalar nan, ƙwayoyin da zai samu ba za su cika tafin hannu ba. Wa zai yi wannan a kadada dubu?

Mafita ita ce a sami alkamar da namijinta bakarare ne, macen kuwa lafiya lau. Tun cikin shekarun 1950 aka ci karo da irinta a Ostireliya, wani masani mai suna Pugsley ya bayyana ta. An san gadonta ake yi, an sa wa abin suna Ms1, amma kusan shekara 60 ba wanda ya iya cewa ga ƙwayar gadon. Sai a 2017 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a jami'ar Adelaide ɗaya a Beijin, kowace ta kai gare ta ta hanyarta. LTP ce. Kowace ƙwayar bununi tana da ɓawo mai tauri da ake ginawa da kayan maiƙo. Idan Ms1 ta lalace, ɓawon ba ya ginuwa daidai, bununin ya mutu tun a jaka. A 2019 masanan Adelaide suka ɗauki lafiyayyar alkama suka lalata wannan ƙwayar gado da gangan, ta hanyar fasahar gyaran gado ta CRISPR, ita ma ta zama bakarariya. Hujja ba ta wuce haka.

Sauran wuyar ita ce yadda za a riƙa yawaita uwar da ba ta da bununin kanta. Akwai dabarar da ake haɗa lafiyayyen kwafin ƙwayar gadon da wata alamar launi, ta yadda ƙwayar alkama mai shuɗi-shuɗi ita ce mai haihuwa, farar kuma bakarariya, na'ura ta ware su ta launi. A gwaje-gwajen Turai alkama mai aure takan ba da ƙarin wajen kashi 10 cikin 100. Ga ƙasa irin Najeriya, wadda kusan duk alkamar burodinta da taliyarta daga waje ake shigo da ita, wannan abin a sa wa ido ne. Sai dai kada mu yi azarɓaɓi. Iri mai aure kowace shekara sai an sayo sabo. Kuma manomin rani a Kadawa ko kwarin Haɗeja da bai sami shuka a watan Nuwamba ba, har zafi ya riski alkamarsa tana fure, ƙarin kashi 10 ba zai cece shi ba. Ruwa da taki da iri a kan kari sun fi masa gaggawa.

Akwai wani abu a labarin Ms1 da nake so mu tsaya a kai. Alkamar burodi gadon kakanni uku ta haɗa, saboda haka yawancin ƙwayoyin gadonta kwafi uku-uku ne. Ms1 ma haka. Amma da aka duba, kwafi ɗaya ne kawai yake aiki, sauran biyun suna nan a rubuce, a kulle. Wanda ya ƙirga zai ce uku. Wanda ya gwada shi ne zai ce ɗaya.

Ƙirga kuwa ita ce ta fi yawa a wannan fage yanzu. A 2008 masana a Montpellier ta Faransa suka lissafa 52 a shinkafa, 49 a Arabidofsis, 156 a alkama. A 2014 aka ce masara na da 63. A 2018, bayan an sami cikakken kundin gadon alkama, adadinta ya tashi zuwa 461. Tun daga nan kusan kowane amfanin gona an yi masa irin wannan takarda, kuma salon ɗaya ne. A sa kwamfuta ta laluba kundin gado ta tsamo duk inda ta ga tsarin nan na guda takwas masu farar wuta. A zana bishiyar dangantaka. A shuka tsiro a tukunya, a hana shi ruwa ko a zuba masa gishiri, a duba waɗanne ƙwayoyin gado ne suka farka. A rufe da cewa mai yiwuwa za su taimaka wajen samar da iri mai jure fari.

Ba na raina wannan aiki, dole sai an san su wane ne kafin a tambayi me suke yi. Amma Bahaushe ya ce sanin hali ya fi sanin kama, kwamfuta kuwa kama take gani. Farkawar ƙwayar gado lokacin fari ba ta nuna ita ce ke ceton shukar, domin ɗaruruwa ne ke farkawa a lokacin. Sannan dangin suna da yawa, idan ka kashe ɗaya sau da yawa 'yan'uwanta sukan rufe gurbinta, ka duba shukar ka ga ba abin da ya canza. Shi ya sa a cikin ɗaruruwan da aka lissafa, waɗanda aka tabbatar da aikinsu dalla-dalla kamar Ms1 da DIR1 'yan kaɗan ne. Tsiron da ya yi kwana goma a tukunya kuma bai san komai ba game da ɗaukewar ruwa na mako uku a jigawa lokacin da gero ke bununi. Saboda haka idan kuka ji labari cewa an gano ƙwayar gadon jure fari, tambayar farko ita ce: a kwamfuta, a tukunya, ko a gona?

Kayan aikin amsa wannan tambaya ba su yi mana nisa ba. An karanta kundin gadon dawa tun 2009. Na wake an kammala shi a 2019 a jami'ar Kalifoniya da ke Riverside, kuma irin da aka karanta na cibiyar binciken noma ta IITA ne, mai lamba IT97K-499-35, wanda manomanmu suka sani da SAMPEA 10, mai jure wuta-wuta. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana riƙe da dawa da wake, ta tafkin Chadi da ke Maiduguri tana riƙe da gero da alkama, ICRISAT na da tasha a Sadore kusa da Yamai da taskar irin gero. Auna kakin ganye ba ya buƙatar wata na'ura mai tsadar gaske, haka ma auna saurin bushewar ganyen da aka tsinka, ma'auni mai kyau da haƙuri ne jarinsa. A tara irin gida masu yawa, a auna su a gona damina bayan damina, sannan a duba ko bambancinsu ya faɗa a kan wata ƙwayar gadon LTP. In ya faɗa, mai kyautata iri ya sami alamar da zai riƙa zaɓe da ita, ba tare da ya ɗauko komai daga wata halitta ba. In bai faɗa ba, an huta da zato. A ganina ɗalibin digiri na uku da ya yi wannan ya fi wanda ya ƙara mana wani jerin sunaye amfani.

Yanzu mu koma kan ƙullin nan huɗu da na ce ku riƙe. Taurin da ya sa LTP yake iya aiki a wajen ƙwayar halitta, cikin rana da bushewa, shi ne kuma ya sa ya zama matsala ga wasu mutane. A 1999 likitoci a Milan ta Italiya suka tabbatar cewa babban abin da ke tayar wa mutane borin jini a wani ɗan itace mai gashi-gashi a ɓawo, wanda Turawa ke kira fic, LTP ne. Daga baya aka sami danginsa a tuffa, da tumatir, da lemu, da latas, da masara, da gyaɗa, da alkama, inda aka danganta shi har da asmar masu gasa burodi da ke shaƙar fulawa. Tun da bai narke a ciki ba, yakan isa hanji da sigarsa, jikin wanda bai jitu da shi ba ya ɗauke shi abokin gaba. Wani leɓe ne zai kumbura, wani jiki ya yi rudu-rudu, wani kuma numfashi ya sarƙe, wanda in ba a garzaya asibiti ba yana iya kisa. Ga wasu abin ba ya tashi sai sun yi aikin ƙarfi bayan cin abincin, ko sun sha maganin ciwon jiki irin su asfirin. An fi ganin wannan larura a Italiya da Sifen, kuma a ɓawo furotin ɗin ya fi taruwa, don haka feraya takan rage shi, dafuwa kuwa ba ta kawar da shi.

Kada wani ya ji wannan ya tsorata da ƙuli-ƙuli ko tuwon masara. Mafi yawan 'yan Adam suna cin LTP kullum tun daga yaye, ba abin da yake yi musu. Inda maganar take da nauyi shi ne wurin masu son ƙara yawansa a cikin abinci da gangan. Irin da aka sauya wa gado da aka sake wa manoma a Najeriya, wato audugar 2018, da waken SAMPEA 20-T na 2019 mai jure tsutsa, da masarar TELA ta 2024, babu ɗayansu da aka gina a kan LTP. Duk ranar da wani ya zo da irin wannan, sai ya bi ta hukumar kula da lafiyar irin waɗannan halittu da aka kafa a 2015. Ƙa'idojin abinci na duniya, waɗanda hukumar Codex ta amince da su a 2003, sun tanadi tambayoyi ga duk sabon furotin da aka sa a shuka. Daga ciki akwai biyu: shin yana kama da wani sanannen mai tayar da borin jini da kashi 35 cikin 100 ko fiye, a tsawon amino asid 80? Kuma shin yana jure ruwan narkar da abinci? LTP duka-duka tsawonsa wajen 90 ne, danginsa sun cika jerin masu tayar da borin jini, taurin narkewa kuwa halinsa ne. Mai son ya bi wannan hanya, ko dai ya tsare furotin ɗin a ganye da saiwa ya hana shi shiga ƙwayar da ake ci, ko kuma ya zo da hujjar asibiti mai ƙarfi kafin a ba shi izinin kai iri kasuwa.